Wankin Kai a Gwanzu

A cikin guzurin da Alhaji yake ware mana idan zai tura mu Guangzhou, wato Gwanzu a bakin 'yan Kantin Kwari, akwai kuɗin otal, akwai na abinci, akwai na tasi da na tafinta. Sai kuma wani ɗan kaso da ba ya shiga littafi amma kowa ya san da zamansa, shi ne kuɗin wankin kai. Wanda bai taɓa zuwa ba dariya yake yi in ya ji. Namiji mai askin ƙwal-kwabo, ko abin da ya yi kusa da haka, me zai kai shi ya biya a wanke masa kai alhali ga famfo ga sabulu a masaukinsa? Alhaji ba ya tsayawa dogon bayani. Yakan ce, "Kai dai je ka sha kasuwar tukuna, in ka dawo sai ka tambaye ni."

Tsakiyar shekarun 2000 ne, lokacin da masaƙun Kaduna da Kano suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, atamfa da shadda da yadin Sin suna cika rumfunan Kwari. Ta Addis Ababa ko ta Dubai muke bi. Mu sauka kanmu a juye, domin agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, barci ya ƙi zuwa da dare ya zo da hantsi. Masaukinmu unguwar Xiaobei ce, kusa da dogon benen Tianxiu, inda Musulmin Mali da Gini da Senegal da Nijar suka fi yawa. 'Yan'uwanmu Ibo sun fi zama wajen Sanyuanli, kusa da kasuwar Canaan. A Xiaobei ba ma shan wahalar halal: ga 'yan ƙabilar Hui suna jan taliya da hannu, ga 'yan Uyghur suna gasa tsire a bakin titi. Ranar Juma'a mu nufi masallacin da ke kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, wanda mutanen garin ke cewa a nan kabarin Sa'adu bn Abi Waƙƙas yake, sahu ya cika har farfajiya.

Sauran kwanakin kuwa na ƙafa ne. Da safe kasuwar yadi ta Zhongda, layi bayan layi, bene bayan bene. Da rana sito, a tsaya kan masu lodi ana ƙirga kwali, don kada kwantena ta tashi da abin da ba shi aka saya ba. In Alhaji ya haɗa da saƙon tayil, sai an dangana da Foshan. Zafin garin ba irin na Kano ba ne da ke busar da zufa. Can zufa ba ta bushewa, riga takan manne wa jiki tun daga fitowa har komawa. Ciniki kuma da kalkuleta ake yi: ya danna nasa, ka goge ka danna naka, ya dafe ƙirji kamar an soke shi, ka yi kamar za ka tafi. Ga wata gajiyar da ba ta kasuwa ba. Kallo ya bi ka duk inda ka sa ƙafa, mai tasi ya rage gudu ya dube ka ya ƙara mai, ka zauna a bas kujerar kusa da kai ta zauna ba kowa. Ba duka mutanen ke haka ba, amma kaɗan ɗin sun isa su sa wuyan mutum ya sandare kafin magariba.

Dokokin Alhaji a kan shagunan gyaran gashi uku ne, kuma a filin jirgi yake maimaita su. Na farko, duk shagon da ka ga fitilarsa ja-ja ce, ƙofarsa a sakaye, 'yan mata zaune kan kujerar falo babu almakashi babu madubi, to wuce, ba gashi ake gyarawa a ciki ba. Na biyu, ka shiga wanda gabansa gilashi ne tangaran, haske ko'ina, ma'aikata sanye da riga iri ɗaya, ana ganin kowa daga titi. Na uku, ka ce namiji kake so ya wanke maka. Wannan na ukun yakan jawo 'yar dariya a wajen karɓar kuɗi, domin yawancin masu wankin 'yan mata ne, amma samari ba sa rasuwa, kuma ba a taɓa yi mini musu ba.

Aski dai a wurin 'yan'uwanmu baƙaƙe muke yi, masu kilifa a ɗakunan saman benaye, don almakashin Sinawa bai san kan gashinmu ba. Wanki ne ke kai mu wancan shagon. Farashinsa a lokacin yuwan goma zuwa ashirin, dala ɗaya tana kusan yuwan takwas, kuma a wannan kuɗin mutum zai yi kusan awa guda ana hidima da shi.

Da ka tura ƙofa sai ma'aikata su haɗa baki su yi maka maraba da ƙarfi. A zaunar da kai gaban madubi, a shimfiɗa maka tawul a kafaɗa, a ajiye ɗan kofin ruwan ɗumi ko shayi. Irin wankin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ake farawa a zaune, kai a bushe. Mai wankin zai matsa shamfu a tsakiyar kai, ya ɗauko 'yar kwalbar roba mai tsinin baki, hannu ɗaya yana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan, ɗayan yana murzawa. Kumfa ta fara daga maɗiga tana faɗaɗa har ta rufe kai duka, amma ko ɗigo ba zai gangaro ido ko wuya ba. In ta yi yawa ya kwashe ta da tafin hannu ya kai kwatami, ya sake ɗora sabuwa. Daga nan sai susa. Yatsu goma su tashi daga goshi su tafi ƙeya a jere, su dawo ta bayan kunne, su sake tafiya, da saurinsu da tsarinsu, ba inda ake tsallakewa. Yakan tambaya ko ƙarfin hannun ya yi, ni kuma kalmomi biyu na haddace, ta "ƙara" da ta "rage". Ta farkon na fi amfani da ita.

Ɗauraya a kwance ake yi, a kan wani gado mai laushi da kwatami a wajen kai, hannunsa ɗaya na tallafe da ƙeya don kada wuya ya ɗauki nauyi. Zai tambayi zafin ruwan, ya tare kunne da yatsa, ya ɗora tawul mai ɗumi a goshi. A nan ake danna gurabe. Likitancinsu na gargajiya ya ba kowane gurbi suna, kuma shaguna da yawa sun manna zanen kan mutum a bango da ɗige-ɗige a jikinsa. Akwai Baihui a tsakiyar kai, akwai Taiyang a gefen goshi tsakanin gira da kunne, akwai Fengchi, ramuka biyun nan da ke ƙarƙashin ƙashin ƙeya. In ya kafa manyan yatsunsa a waɗannan ramuka ya ɗan ɗaga kan, zafin yakan tafi har bayan ido, sannan ya saki, sai mutum ya ji numfashinsa ya sauka. Ba sau ɗaya ba na ji minsharin wani Bamale ko Basine daga gadon da ke kusa, kuma an shaida mini cewa ni ma ana jin nawa.

Bayan an koma kujera sai a gangaro dokin wuya da kafaɗu da gadon baya. Ya haɗa tafukansa biyu, yatsu a sake, ya riƙa sara baya da gefen hannu, ƙarar tana tashi ƙas-ƙas-ƙas, shago duka ya ɗauka in mutum huɗu ko biyar ake yi wa lokaci guda. Ya bi damtse zuwa tafin hannu, ya ja yatsu ɗaya-ɗaya har su yi ƙara. Wanda ke so a sosa masa kunne da tsinken auduga. An ce gwanayen kunne a Chengdu suke, inda ake yi wa mutum a gidajen shayi da kayan aiki har da gashin tsuntsu. Da sanyi sukan tallata wankin citta, wanda ke sa fatar kai ta yi ɗumi har ta yi yaji-yaji. Tsofaffin matan Guangdong kuwa sun fi yarda da ruwan tunkuzar 'ya'yan wata bishiya dangin shayi, wadda ake matsar mai daga cikinta, suna cewa tana kashe amosani tana baƙanta gashi. Su waɗannan tsofaffin, da 'yan kasuwa, da matan ofis, zuwa suke yi a kai a kai ba don aski ba. A wurinsu wankin kai a shago abu ne na yau da gobe.

Tafintanmu, wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a can, shi ya ba ni asalin abin. A 1644 Manchu suka kama Beijing, a 1645 suka ba da umarni kowane namiji ya aske gaban kansa ya kitse na baya ya zama jela, wanda ya ƙi a bakin ransa. Kan da ake askewa kullum yana bukatar mai aski, sai sana'ar ta bunƙasa. Masu ita suna yawo unguwa-unguwa da sanda a kafaɗa, gefe ɗaya murhu da tasar ruwan zafi, ɗaya gefen kujera mai aljihun kayan aiki, suna kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu don a san sun iso. Ba aski kaɗai suke yi ba: suna kitsa jelar, suna share kunne, suna tausa, wasu har ɗori. Jelar ta tafi bayan juyin juya halin 1911, amma al'adar cewa mai taɓa kanka shi ne mai sauke maka gajiya ta zauna. Da ya gama na ce masa ai wanzami yake ba ni labari, zabira kawai aka canza da sanda. Har ƙahon ma suna yi, da kofunan gilashi, na sha ganin tabonsa zagaye-zagaye a bayan masu lodi in sun tuɓe riga.

A shagon da na saba da shi ba a kiran ma'aikata da suna, lamba ce manne a ƙirjin kowa. Nawa lamba bakwai ne. Saurayi ne siriri, gashinsa a rine ruwan ƙasa-ƙasa kamar na sauran abokan aikinsa. Ranar da ya fara tsayawa a bayana ya ɗan yi turus, ya dube ni ta madubi, ya nuna kaina ya ɗaga gira, alamar neman izini. Ya shafa a hankali, ya yi wa na kusa da shi wata magana, suka yi murmushi, sannan ya kama aiki. Tun daga ranar, da na shigo sai mai karɓar kuɗi ta ɗaga murya ta kira lambarsa.

Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Sinanci, amma kalkuleta tana aljihuna. Da ita ya gaya mini shekarunsa goma sha tara. Da ita na gaya masa yawan 'ya'yan Alhaji, ya ajiye kwalbar ruwa ya kira abokansa su zo su ga lambar. Yana ce mini "laoban", wato maigida, na yi ta nuna masa da hannu cewa ni ma yaron wani ne, har ya gane ya koma ce mini aboki. Wata rana na zo da tafinta, sai labarin ya fito sosai. Daga wani ƙauye yake a duwatsun lardin Guizhou. Iyayensa suna wata masana'anta a Dongguan, kakarsa ce ta rene shi. Yana kwana a ɗakin da mai shagon ya kama musu, gado kan gado. Albashinsa ɗan kaɗan ne, sauran sai kamashon da ake ba shi a kan kowane kai da ya wanke. Shago yana buɗewa da hantsi, ba ya rufewa sai dare ya raba, kuma bayan an rufe ne suke fito da kawunan roba masu gashi su koyi riƙon almakashi. Matakin a bayyane yake: wanki, sai rini da naɗi, sai aski. Wanda ya kai aski shi ake kira malam.

Hannayensa ne suka fi tsaya mini a rai. Bayan yatsun duk sun tsage, sun yi ja, wasu wuraren ya naɗe da filasta. Ruwa da shamfu daga safe har dare ke yin haka, kuma kusan duk masu wankin haka nasu suke. Yatsun da ke sa ni barci suna yi masa raɗaɗi a lokacin da suke aikin.

A hankali na gane cewa shi ma baƙo ne a Gwanzu. Harshen garin Kantonis ne, shi kuma ba ya jin sa, 'yan gari na gane shi da ya buɗe baki. Tun 1958 ƙasar take da tsarin rajistar mazauni da suke kira hukou, wanda ya ɗaure makarantar 'ya'yan mutum da tallafin asibitinsa da inda aka yi masa rajista. Ɗan ƙauye yana iya shekara goma yana aiki a birni bai zama ɗan birnin ba. Irinsu a lokacin sun haura miliyan 100. Yadda muke yawo da fasfo a aljihu saboda bincike, haka su ma aka daɗe ana tambayarsu takardar zama ta wucin gadi. A 2003 ma, a Gwanzu ɗin nan, aka tsare wani matashi ɗan Hubei mai suna Sun Zhigang don ba ya ɗauke da takarda, ya mutu a tsare, hayaniyar da ta biyo baya ta sa gwamnati ta soke dokar kama irinsu a mayar da su gida. Ashe 'yan ci-rani biyu ne ke kallon juna a madubin nan, ɗaya a zaune ɗaya a tsaye, kowa da wanda ya bari a gida yana jiran aike.

Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, lokacin Sabuwar Shekararsu. Kafin bikin shaguna kan cika maƙil, farashi ya hau, domin kowa yana so ya shiga shekara da sabon aski, kuma da yawa ba sa aski a watan farko saboda camfin cewa kawun mutum zai mutu. A Janairun 2008 ina garin, ina fafutukar fitar da kaya kafin masana'antu su rufe, sai aka yi dusar ƙanƙarar da aka daɗe ba a ga irinta ba a kudancin ƙasar. Wayoyin lantarki suka faɗi a Hunan, jiragen ƙasa suka tsaya, dubban ɗaruruwan mutane suka cushe a filin tashar Gwanzu cikin ruwan sama da sanyi. Lamba bakwai yana cikinsu, da tikitinsa da jakarsa irin Ghana-mas-go cike da tsarabar kakarsa. Guizhou na cikin lardunan da abin ya fi shafa. Da ya ga ba hanya sai ya dawo shago ya tura jakar ƙarƙashin benci ya ɗaura rigar aiki.

A daren da na gan shi na ja shi shagon taliyar Hui da ke kwanar layin. Muka ci, ya nuna mini hoton kakarsa a waya, na nuna masa na 'yata. Da aka zo biya sai rigima ta tashi. Ya riƙe mini hannu da ƙarfin da na sani a kafaɗata, ya tura wa mai shagon kuɗinsa, yana ta magana da sauri. Daga baya tafinta ya fassara mini: wai ni ne na fi nisa da gida, don haka ni ne baƙo.

Ba komai na shagunan ne mai daɗi ba. Kana kwance ido a rufe za a fara yi maka tallar kati: zuba kuɗi da yawa yanzu, a riƙa yi maka rangwame. An ɗora wa yaran adadin da za su sayar, wanda bai cika ba ya ji a albashinsa, kuma da safe za ka gan su a jere a ƙofar shago suna tafi suna rera kirarin kamfani kafin a buɗe. Wani abokin tafiyarmu ya sayi katin a wani shago daban, da ya koma bayan 'yan watanni ya tarar ana sayar da wayoyi a wurin. Alhaji da ya ji sai ya ce, "Wanda ya biya gaba ai bashi ya bayar, kuma bai san gidan mai cin bashin ba." Lamba bakwai sau ɗaya ya nuna mini katin, na girgiza kai, bai sake ba.

Daga wasannin Olamfik na 2008 biza ta fara wuya. Sabuwar dokar shige da fice ta fara aiki a 2013, bincike ya tsananta a Xiaobei, naira ta faɗi a 2016, jama'armu suka yi ta raguwa. Korona ta zo a 2020 ta ƙarasa abin da ya saura, har da korar baƙaƙe daga masaukai da aka yi ta gani a labarai a watan Afrilun shekarar. Yanzu yarana a Kwari ta WeChat suke zaɓen zane su tura kuɗi, wasu dilolin Sinawan ma suna nan Kano. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya nuna mini bidiyon sabon salon wankin, wani ƙarfe mai lanƙwasa yana feso ruwa a goshin mace, ga fitilu ga tururi. Kayan aikin sun ƙaru, farashin ma haka, amma da na duba hannun mai yin, gurabe ukun nan yake dannawa.

Kafin tafiyar ta yanke mini, na ga lamba bakwai ya kai inda yake nema. Bayan wasannin Asiya da aka yi a garin a 2010 na shiga shagon na tarar an cire masa lamba, yana sanye da baƙar riga, jakar almakashi a ƙugu, wani sabon yaro yana kiransa malam. Ya yi abin da sauran ba su yi tunani ba: ya sayi kilifa mai kyau, ya je ya zauna wurin wani mai aski ɗan Gini ya koyi kan gashinmu, har ya iya fitar da layin goshi. 'Yan Mali da 'yan Nijar suna layi a kujerarsa. Ya sa yaronsa ya wanke mini kai yana tsaye yana gyara masa riƙon ƙeya, sannan ya zaunar da ni ya yi mini aski da kansa. Hannayen sun warke. Da ya gama ya miƙa hannu aljihun rigata ya zaro kalkuletata, ya danna farashin malam, ninki uku na abin da na saba biya. Na goge na danna nawa. Ya goge ya mayar da nasa, yana dariya. Na biya cif-cif, domin ɗan Kwari ya san ranar da yaro ya zama mai rumfa.